Kanwa da Toka a Jadawalin Mandeleyef

Duk faɗin Arewa, daga Sukukutan har Kore Mairuwa, da wuya a samu wanda ya taɓa ganin sodiyom da idonsa. Ni dai ban taɓa gani ba. Mushen da ya koya mana shimi ya ce shi ma sau ɗaya ya gan shi, lokacin da yake jami'a a Yamai: ɗan guntu kamar ƙwarar gujiya, kwance cikin kwalbar mai. Ƙarfe ne, in ji shi, amma wuƙa na yanka shi kamar sabulu. Inda anka yanka sai ya yi ƙyalli irin na azurfa, kafin ka ƙifta ido ya dushe. In an jefa shi a ruwa sai ya dunƙule, ya riƙa zagaye bisa ruwan yana cuuu, wani lokaci har ya kama wuta. Amma kuma babu gidan da ake kwana a ƙasar nan ba a ci shi ba. Yana cikin gishiri, yana cikin kanwa, yana cikin ɗan dunƙulen magin da ake marmasawa a miya.

Ƙaƙa abu zai cika gari haka, amma ba a taɓa ganin fuskarsa sai a cikin rigar wani? Amsar tana cikin jadawalin nan da kowane ɗan lise ya sani, mai gidaje 118 jere cikin layi 7 da ginshiƙi 18, wanda muke kira tabulon Mandeleyef. Mu a sagwand anka haɗa mu da shi. Littattafai ba su isa ba, sai mushe ya zana gidaje 20 na farko da alli, munka kwafa a kaye, anka ce a hardace. Munka hardace kuwa. Ɗakin gwaji akwai shi a makarantar, sai dai abin da ke ciki karyayyun bencina ne da ƙura. Don haka duk abin da anka ce mana yana fashewa, yana ƙuna, yana sāke launi, da kunne munka gan shi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki jadawalin kamar jerin sunayen mutanen wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba mu da dangi a cikinsu, a riƙe su har ranar Bak sannan a sallame su.

Wata rana wani ɗan kalas ɗinmu mai son gardama ya ɗaga hannu ya tambayi abin da ke cin kowa a rai. Oksijen O ne, karbon C ne, mun yarda. To don mi sodiyom zai zama Na, potasiyom kuma K? Ina N ɗin ta fito, ina K ɗin?

Mushe ya aje alli. Ya ce, "Na daga natriyom take, natriyom kuma daga natron. Wa ya san natron?" Shiru. Ya ce, "Kanwa fa! Kanwar da uwayenku ke sa wa wake."

Kalas ya kwashe da dariya, wasu sun ɗauka ba'a yake. Ba ba'a ba ce. A Masar akwai wani kwari da ake kira Wadi Natrun, inda tun zamanin fir'aunoni ake ɗibar kanwa, har da ita suke busar da gawar manyansu. Sunan nan ne ya bi ta Girkanci da Larabci ya shiga harsunan Turai. Ita kuma K daga kaliyom take, wadda tushenta kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai, kalmar da ta haifi "alkali" da muke rubutawa a kaye (ba alƙalin kotu ba). Shi kansa sunan potasiyom, in an warware shi, "tokar tukunya" ke nan, don Turawa a tukunya suke dafa ruwan toka har ya ƙafe ya bar farin gari. Wato gida na 11 na ƙarfen da ke ɓoye cikin kanwa ne, gida na 19 kuma, wanda ke ƙarƙashinsa daidai, na ƙarfen da ke ɓoye cikin toka ne. Ginshiƙi ɗaya, ɗaya bisa ɗaya.

Da hutu ya zo na tafi ƙauye wajen kakata, na iske ta tana tsiyayar ruwan toka. Ga wanda bai sani ba: ana ƙona karan hatsi, a kwashe tokar a zuba cikin tsohuwar tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa ɗan kara ko tsumma, a zuba ruwa bisa, a tara ƙwarya daga ƙasa. Ruwan da ke ɗigowa jaja-jaja ne, in ka murza shi tsakanin yatsu sai ka ji santsi.

Na ce, "Kaka, kin san kanwarki da tokarki suna cikin littafin lakol?"

Ta ce, "Mi yak kai su can, kishiya?"

Na ce mata malamai sun jera duk abin da duniya ta ƙunsa gida-gida, kuma sun sa kanwa da toka a gida ɗaya.

Ta ce, "To, sai yanzu sunka sani? Ai ɗiyan gida guda na. In babu kanwa, toka na. Sai dai toka ta hi hwaɗa, in kin cika hannu miya ta ɓaci."

Ta ci gaba da aikinta, ko a jikinta. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba ta san waɗannan biyu dangi ne, kuma hanyar da ta bi ta sani ita ce ta kallon hali: duk biyu suna tausasa wake, duk biyu suna sa kuɓewa da lalo yauƙi, duk biyu suna kashe tsami. In ka jefa kanwa a ruwan tsamiya sai ya yi kumfa, iskar karbon ce ke fita, tsamin ya kwanta. Hausawa sun daɗe da sa wannan a karin magana, kanwa ta kar tsami. Mu kuma muna rubuta shi da haruffa da kibiya a tsakiya, a ba mu maki.

A nan sai an yi hattara, don na ji wani ɗan tarminal yana cewa faɗan toka shi ne shaidar potasiyom ya fi sodiyom zafi. Ba nan take ba. Abin da ke cikin toka da kanwa ba ƙarafan ba ne tsirara, sun riga sun gama faɗansu sun haɗu da wasu. Ruwan toka yana da kaifi ne don gishirin potasiyom da ke cikinsa yana narkewa a ruwa ƙwarai, ita kuwa kanwa gauraye take, wani sashenta mai sanyin hali ne, ga ƙasa da gishiri a ciki. Inda bambancin ƴan'uwan biyu ke fitowa fili shi ne wajen sabulu. Sabulun da anka yi da ruwan toka, irin sabulun salo, taushi gare shi, yana jan danshi, damina na yi sai ya yi laɓo-laɓo. Wanda matan ƙungiya ke yi da soda ta kasuwa da man gujiya kuwa tauri gare shi, ana yanka shi sanda-sanda, don soda ta sodiyom ce. Har a wuta ana rarrabe su: in miya mai gishiri ta tafaso ta zuba bisa harshen gas, rawayar da ke tashi ta sodiyom ce, shi kuwa potasiyom launin shuɗi mai ja-ja yake bayarwa.

Shi ma Dimitri Mandeleyef, mutumin Rasha, da kallon hali ya yi aikinsa a 1869. Sinadarai 63 anka sani a lokacin. Ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya lura hali yana komowa: ka yi ƴan taku kaɗan sai ka sāke iske wani mai irin ɗabi'ar wanda ka wuce. Sai ya riƙa karya layin yana sa masu hali ɗaya ƙarƙashin juna. Inda bai samu wanda ya dace ba, bai cusa wani da ƙarfi ba, ya bar gidan wofi ya ce mai shi na nan tafe, har ya faɗi nauyinsa da kamanninsa. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyom, a 1886 wani Bajamushe ya gano jermaniyom, kowane ya shiga gidan da anka bar masa. Abin da ya fi burge ni shi ne bai san dalili ba. Elektiron sai a 1897 anka gano shi. Kamar tsohon da zai dubi tafiyar yaro a kasuwa ya ce wannan jinin gidan wane ne, ba tare da ya ga takardar haihuwa ba.

Dalilin da bai sani ba shi ne muke koyo yau, kuma ba shi da wuya yadda ake tsoratar da mu. Kowace ƙwayar atom tana da cibiya, elektironi kuma suna kewaye da ita zobe-zobe, kamar ɓawon albasa. Cibiya tana jan su. Zoben da ke can waje shi ne fuskar atom ɗin, da shi yake hulɗa da duniya, kuma a layukan farko zaman lafiyarsa shi ne zoben nan ya cika 8. Sodiyom yana da elektiron 11: 2 a zoben ciki, 8 a na biye, sannan 1 tak a waje. Wannan ɗayan shi ne fitinar. In ya rabu da shi, abin da ya saura cikakke ne. Don haka ba ya jiran a roƙe shi. Ruwa, iska, duk wanda ya miƙo hannu zai ba shi. Shi ya sa ake tsare shi cikin mai, shi ya sa kuma ba a tsintarsa a ƙasa tsirara. Ya daɗe da bayarwa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Da ma ai kanwa uwar gami ce.

Potasiyom yana da 19: 2, 8, 8, sannan 1. Ɗayan nan dai ne a waje, amma an ƙara zobe guda tsakaninsa da cibiya. Ni da sarauta nake fahimtar wannan. Talakan da gidansa ke jikin fada, motsi kaɗan sarki ya sani. Wanda ke can tungar bakin iyaka, tsakaninsa da fada akwai hakimi, akwai maigari, akwai tafiyar yini biyu. Sunan yana ƙarƙashin sarki ne, amma in maƙwabta sunka yi masa tayi sai ya kwashe kayansa ya ƙaura. Haka elektiron ɗin waje yake. Duk sauka ɗaya a ginshiƙin, nisa na ƙaruwa, masu shiga tsakani na ƙaruwa, riƙo na sassautawa. Litiyom, gida na 3, wanda ke cikin batirin wayoyinmu, in ya shiga ruwa kumfa yake yi a hankali. Sodiyom gudu yake. Potasiyom nan take yake kama wuta. Rubidiyom da seziyom, na 37 da na 55, fashewa suke. Seziyom ma a wajen digiri 28 yake narkewa, wato da za a kawo shi Dutsi a watan Afrilu, ko a inuwa anka aje kwalbarsa ruwa za a iske.

In ka tsallaka can hannun dama, ginshiƙi na 17, sai labarin ya juye. Su ba bayarwa suke so ba, karɓa suke so. Kulor yana da 17: 2, 8, 7. Saura ɗaya ya cika. To mai neman ya fizgo na wani, gara hannunsa ya zama kusa da cibiya, don haka a wannan gida ƙaramin shi ne mugu. Fuliyor, na 9, wanda ke can sama, ya fi kowa kwaɗayi. Kulor na bi masa, sannan burom, sannan iyod mai sanyi-sanyi, wanda ake ɗan barbaɗawa cikin gishiri don maganin maƙoƙo. A hagu zafi na ƙaruwa in ana sauka, a dama yana ƙaruwa in ana hawa, kuma dalili ɗaya ne ya haifi duk biyun: nisa daga cibiya. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin hadda.

Kulor shi kaɗai iska ce mai guba, ruwan ɗorawa mai kore-kore. Da ita anka shaƙe sojoji a Ipir ta Beljiyam a 1915. Ɗan abin da ke cikin ruwan jabel ma ya isa ya kashe ƙwayoyin cuta a randa, ya ci launin zane. Ga mai neman rabuwa da ɗaya, ga mai neman ɗaya. In sunka gamu, sodiyom ya miƙa, kulor ya karɓa, kowa ya cika, sai su riƙe juna gam. Abin da ya fito shi ne gishiri. A kudu da mu, cikin dallol ɗin Foga wajen Gaya, mutane na kankare ƙasa mai gishiri, su tsiyaye ta da ruwa kusan yadda kakata ke tsiyayar toka, su dafa ruwan har ya ƙafe. A Boboye kuma kanwa ake fitarwa ta irin wannan hanya. Duk wutar da za su hura, ruwa kawai take kora. Ba ta raba auren.

Ginshiƙi na ƙarshe, na 18, ba ni da dogon zance a kansu, don su ma ba su da zance da kowa. Zobensu a cike yake. Argon kusan kashi 1 cikin 100 ne na iskar da muke shaƙa. Yana shiga huhu ya fito yadda ya shiga.

Inda jadawalin ya fi ba ni mamaki shi ne da na gane yana ba da tarihin ƙasarmu. Ka tsaya a tashar Dutsi da la'asar ka dubi duwatsun da sunka ba garin sunansa. Jan nan da rana ke haskawa ƙarfe ne da ya haɗu da oksijen, wato tsatsa ce, tsatsa mai girman dutse. Ƙarfe, gida na 26, yana cikin masu matsakaicin hali. Ba ya rawar kai irin ta sodiyom, amma in ka ba shi lokaci da danshi zai miƙa wuya. Bar hauya a gona damina ɗaya ka gani. Shi ya sa ba a tsintar ƙarfe a ƙasa, tama ake tsinta. A gonarmu hauya takan tono wasu baƙaƙen dunƙulaye masu nauyi da ƙofofi, waɗanda tsofaffi ke ce wa kashin maƙera. Sun ce kafin zuwan tsofaffin motoci da ake yanka ƙarfensu, maƙera da kansu suke narka tama: a gina tanderun yumɓu, a jera tama da gawayi hawa-hawa, gawayin ƙirya in an samu, a hura har gari ya waye. A harshen kalas, abin da ke faruwa a ciki shi ne karbon na gawayi, in ya ji zafi, ya fi ƙarfe son oksijen, sai ya ƙwace shi ya tafi da shi sama, ya bar ƙarfen a gindin tanderu. Mutanen Tarmit a gabashin Nijar sun iya wannan tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa.

Zinariya kuwa, gida na 79, ba ta buƙatar a ƙwato ta daga hannun kowa, don ba ta ba kowa hannu ba. Da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, samari da yawa daga nan sun bi motocin Agadas, kuma kayan aikinsu na'ura ce mai ƙara in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin rairayi. Ba tanderu, ba gawayi. Abin da ya kwanta a hamada shekaru aru-aru yana fitowa da ƙyallinsa. Jan ƙarfe, na 29, yana tsakanin biyun: wani lokaci a same shi tsirara, galibi kuma wuta kaɗan ta isa ta fitar da shi; Ibn Batuta ya ga ana cinikinsa a Takadda, yankin Ingal na yau, a 1353. Wani abin lura: jan ƙarfe da azurfa da zinariya ginshiƙi ɗaya suke, na 11, amma su sauka ƙasa ba ta ƙara musu zafi, sanyi take ƙara musu. Munduwar jan ƙarfe tana yin kore, awarwaron azurfa yana yin baƙi sai an goge shi da toka, ɗan kunnen zinariya yana nan yadda anka saye shi. Tsakiyar jadawalin ba ta bin dokar gefe sau da ƙafa, kuma na fi ganin girman malamin da zai faɗi haka a fili da wanda zai zana kibiya biyu ya ce an gama.

In ka jera su bisa lokacin da ɗan Adam ya same su a hannu, sai ka ga jerin zafin hali ne a juye. Zinariya da jan ƙarfe tun fil azal. Ƙarfe sai da anka iya wuta mai ƙarfi. Su kuwa ƙarafan kanwa da toka, duk da kullum suna cikin madafa, babu wanda ya ga fuskarsu sai a 1807, da Hamfiri Debi a Landan ya bi da lantarki ta cikin narkakkun gishirinsu, ya fitar da potasiyom, bayan ƴan kwanaki ya fitar da sodiyom. Ba rashin wayo ne ya hana maƙeran Arewa ba. Maƙeran Ingila ma ba su iya ba sai da anka ƙirƙiro batir.

Tukunyar da muke kira ta dalma, wadda ake zubawa da tsofaffin gwangwanaye da tarkacen inji, ba dalma ba ce, alminiyom ne, gida na 13. Shi ne ƙarfen da ya fi yawa a ɓawon ƙasa, yana cikin yumɓun da muke gini da shi, amma riƙon da ya yi wa oksijen ya sa sai a 1886 anka samu hanyar fitar da shi da araha, ita ma da lantarki. To in yana da zafi haka, don mi tukunyar ba ta tsatsa? Tana yi. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke rufe sauran. Soda tana cinye wannan fata. Shi ya sa matan da ke sabulu ba su dama soda a tukunyar dalma, sai a roba ko bokitin ƙarfe. Wadda ta kuskura za ta ga tukunya na tafasa babu wuta a gindinta, tana fitar da iskar idrojen mai kama wuta, kafin a jima ta huje. Inna ba ta san gida na 13 ba, amma ranar da ƙanwata ta ɗauko tukunyar miya za ta zuba soda, tun daga bakin ɗaki ta daka mata tsawa: "Ke! Aje ta, kin so ki kashe muna tukunya?"

Na bar fuliyor a ƙarshe don shi ne wanda zancensa ba na dariya ba ne. Shi kaɗai, iska ce da kusan babu abin da ba ta ci. Masana da dama sun jikkata, wasu sun mutu wajen neman raba shi da abokan haɗinsa, kafin Hanri Muwasan ya yi nasara a Faransa a 1886. Bayan ya karɓi elektiron ɗinsa yakan natsu ya zauna cikin duwatsu, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana lasar duwatsun. Ko a natse bai bar son kalsiyom ba, kalsiyom kuwa shi ne ginin haƙori da ƙashi. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, don haka ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa sai haƙora su yi tabo ja-ja da ba na goro ba, in ya zarce haka sai ya shiga ƙashi.

In ka ce wa mutumin Yamai kai ɗan Tibiri ne, wani yakan tambaye ka, wace Tibirin? Akwai tamu ta nan Arewa, akwai ta Gobir kusa da Maraɗi. A waccan ce, tun tsakiyar shekarun 1980, mutane sunka yi ta shan ruwan wani foraj mai zurfi, ruwa garai-garai, ba wari, ba ɗanɗano. Sai wajen 2000 magana ta fito fili cewa fuliyor ɗinsa ya zarce ƙa'ida nesa. Kafin nan ɗaruruwan yara sun tashi da ƙafafu a lanƙwashe, wasu da manyan kawuna, haƙora a lalace. Iyaye sun yi ta yawon neman magani, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa gādo ne. Yaran da abin ya fi ci su ne masu tasowa, waɗanda ƙashinsu ke kan gini. A yau manya ne, kuma ƙashin da ya lanƙwashe bai miƙe ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne miligiram 1.5 a lita ɗaya. Lamba ce da ɗan sagwand zai iya karantawa, in an nuna masa takardar. Kowane foraj ya kamata a auna ruwansa kafin a buɗe wa jama'a, a rubuta abin da anka samu, layi-layi, da haruffan nan da munka hardace: Na, K, Ca, Fe, F. Ban ce ruwan dallol ɗinmu yana da wata illa ba. Na ce dai ido da harshe ba su iya shaida, sai awo.

Bana anka yi sabon foraj a ƙauyen kakata, da tanki bisa ƙarafa da faranti mai kama hasken rana. Mata sun huta da guga. Na je wajen dattijon da ke riƙe da mabuɗi da kuɗin ruwa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko masu ginin sun bar takardar awon ruwa?"

Ya dube ni, ya ce, "Takarda? Ruwa ga shi hwari tas, ɗiyata. Mi kika son gani ciki?"

Na ce harafi ɗaya nake nema, da lambar da ke gabansa. Na ba shi labarin waccan Tibirin. Ya san labarin, ya taɓa ji a rediyo, bai dai san daga ruwa mai kyan gani abin ya fito ba. Ya yi shiru, ya ce masu aikin sun tafi da takardunsu, amma wanda ya jagorance su yakan biyo ta nan ran kasuwa. Na yago takarda daga kaye na rubuta masa F babba, na rubuta 1.5 a gabanta, na ce in an kawo takardar a duba layin nan, kada lambar ta wuce wannan. Ya ninke ta huɗu ya sa cikin hula.